Maƙerin da Ya Zuga Toka

Akwai waɗansu maƙera biyu a wani ƙauye, wa da ƙane. Shekara arba'in da 'yan kai suna maƙera ɗaya, wan yana bugun ƙarfe, ƙanen yana zuga masa wuta. Ba su taɓa zuwa ɗiban wuta a maƙwabta ba. Kowace yamma wan yakan binne garwashi cikin toka, da safe ƙanen ya zuga sau uku, sai ta tashi ja wur. Kai, an sha zamani! Suna aiki suna faɗa suna dariya, rabin fartanyun ƙauyen nan daga hannunsu suka fito.

Ana nan, wata rana wan ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki. Aka kai shi asibitin birni, aka sa masa injin numfashi. A kwana na shida likitoci suka tara iyali, suka ce sun gwada sun sake gwadawa, ƙwaƙwalwa ta mutu, injin ne kaɗai yake ɗaga ƙirjinsa. Matarsa da 'ya'yansa suka zuba wa ƙanen ido, gama shi ne babba yanzu.

'Yar fari ta ce, "Baffa, abin da ka ce, shi za mu yi."

Ya ce, "Ashe ba ku ga yana numfashi ba? Ni ba zan kashe Yaya da bakina ba!"

Ya fita ransa a ɓace, ya koma ƙauye. Da ya shiga maƙera, ga tokar nan yadda aka bar ta tun ranar da wansa ya faɗi. Ya zauna inda ya saba zama, ya kama zugazugi. Ya zuga sau uku, ya zuga sau goma. Iska tana shiga, toka tana tashi, gawayi yana motsi, amma ko ɗigon ja babu. Ya tura hannu har ƙasa, ya ji sanyi ƙalau. Nan tsohon ya yi kuka mai zafi.

Kashegari ya koma asibiti. Suka yi addu'a, suka raira waƙar da wan yake so. Ya riƙe hannun wansa da bugun ƙarfe ya sa ya yi kanta, ya ce wa likita, "A sauke zugazugin. Yaya ya riga mu isa gida."

Ma'anar wannan misali ita ce: zugazugi shi ne injin, iska ita ce numfashin da yake turawa, wuta kuwa ita ce ran da Ubangiji yake bayarwa, shi ne kuma yake karɓa. Muddin da sauran garwashi, 'yan'uwa, ku zuga da dukan ƙarfinku, kada ku gaji. Amma in masana sun tona, sun tabbatar wuta ta tafi, kada kowa ya nuna wa ɗan'uwansa yatsa ya ce, "Kai ka kashe shi." Ku ba juna lokaci, gama tsohon nan ma sai da ya taɓa tokar da hannunsa. Shekara arba'in yana zuga wa wansa wuta domin yana ƙaunarsa, a ranar nan kuwa saboda ƙaunar ce ya daina.