Ƙwaryar Zumar Gidan Baƙo

"Wai Yaya, wa ya sayar da mu a Gidan Baƙo?"

Shafa'atu ta ji wannan tambayar ne daga bayan ƙofar zaure, tana riƙe da akushin tuwon rana. Manu, ƙanin mijinta, shi ne ya yi ta. Ta ajiye akushin a hankali, ta koma ciki, domin ta san amsar.

Bari in soma muku daga farko.

Akwai wani lauya da ake kira Malam Sada, a wani gari tsakanin Funtuwa da Malumfashi, a farkon shekarun mulkin kai. Ya yi karatu a Zariya, ya haye har Ingila, amma ya dawo da ra'ayi guda: a bar komai yadda aka gada. Talaka ya bi mai unguwa, mai unguwa ya bi dagaci, kowa ya san wurin zamansa.

Da zaɓen majalisar tarayya ta Ikko ya ƙarato, jam'iyya ta tsayar da wani dillalin auduga. Malam Sada ya ji haushi, ya tsaya da ƙafarsa. Dillalin yana bin kasuwanni yana zama a tabarmar kowa. Shi kuwa Lauya zaurukan manya kawai yake shiga, yana cewa in ka kama kai, jiki zai biyo.

Shafa'atu matarsa ce, yarinya mai kunya, wadda ta tsaya a aji uku na elemantare. Ba ta da yawan magana, kuma a lokacin mata ba sa jefa ƙuri'a, don haka ba wanda yake tambayarta komai. Sai dai idonta ba ya barin abu ya wuce.

Wajen Maska akwai wata unguwar Maguzawa mai suna Gidan Baƙo, manoma masu yawan maza. Suna da fadama wadda wani attajiri yake ja da su a kanta, ƙarar har ta kai babbar kotu. Attajirin ya nemi Lauya ya tsaya masa. Lauya ya ce a dakata sai bayan zaɓe, don yana son ƙuri'unsu.

Wata ranar kasuwa sai ga Laraba, matar Baƙo mai gidan unguwar, tsohuwar da ta saba kawo wa Shafa'atu daddawa. Ta sauke wata ƙwarya cike da zuma, an rufe ta da faifai.

"Ɗiyata, ki kai wa maigidanki. Mai gidanmu ya ce a gaishe shi. Ki ce masa ƙwaryar sabuwa ce, daga dumana na fafe ta, na yi mata zane da hannuna. Giya ba ta taɓa shiga cikinta ba. Mun san ku Musulmi ne, ba mu so ya ji ƙyama."

A al'adarsu, ƙwaryar gaisuwa ba ta komawa wofi. Wanda aka kai wa sai ya juye, ya sa wani abu ko da goro guda ne, ya mayar. In ta dawo haka, an ƙulla zumunci ke nan, ba sai an yi dogon zance ba.

Da la'asar Shafa'atu ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar a gaban mijinta, ta isar da saƙon kamar yadda aka ba ta. Bai taɓa ba. Ya sa ƙarshen sandarsa ya ɗaga faifan, ya daɗe yana kallon zanen.

"Me ya sa sai yanzu? Shekara nawa nake garin nan ba su kawo mini zuma ba?"

"Malam, ai yanzu ne suke neman ka."

"Ke yarinya ce. Dubi zanen nan. Kin san abin da aka yanka a kansa? Wani ne ya biya su su ɗaure mini baki, in hau dandamali in kasa magana."

Ya ɗauki ƙwaryar da tsumma, ya zagaya bayan rumbu, ya taka ta ta fashe, ya ja ƙasa da fartanya ya rufe. Ba wanda ya gani sai ita. Ya ce kada ta gaya wa kowa, ko Manu.

Ranar kasuwa ta zagayo, Laraba ta zo karɓar ƙwaryarta. Shafa'atu ta riga ta shirya. Ta ɗauko mafi kyau daga ƙoren jerenta, ta zuba gishiri da goro.

Tsohuwar ta juya ƙwaryar a hannu.

"Wannan ba tawa ba ce, ɗiyata."

"Taku... ba a gama juyewa ba, Inna."

Wani ƙudan zuma ya gifta ta gaban Laraba, wani ya biyo. Matar da ta tsufa a gidan masu amya ba ta ganin ƙudan zuma ta ƙi bin su da ido. Ta miƙe ta zagaya bayan rumbu. Can ga su sun yi cincirindo, kaji sun tone ƙasar, ga sakaina a fili da zanen hannunta a jiki.

Ta tsuguna ta ɗauki sakaina ɗaya, ta goge ta da gefen zanenta.

"Da ƙafa aka yi," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

Shafa'atu ta fara hawaye. Tsohuwar ta dafa mata kai.

"Ke ba ruwanki. Riƙe gishirinki, ki yi miya."

Ta ɗaure sakainar a haɓar zane, ta fita.

Ranar zaɓe, mazan Gidan Baƙo suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, suka gaida wakilan Lauya da ladabi, suka shiga rumfa ɗaya bayan ɗaya. Da aka buɗe akwatin Lauya na can, don a lokacin kowane ɗan takara da nasa akwatin, kusan wofi aka same shi. Danginsu na sauran unguwanni ma haka suka yi. Dillalin auduga ya ci da tazara kaɗan, wadda ƙuri'un Maguzawa za su iya rufewa.

Daga ranar gidan ya canza.

Lauya bai yarda cewa mutanen sun yanke shawara da kansu ba. "Waɗannan ai sai an kora su kamar tumaki," yake cewa. "Akwai mai sandar, kuma a cikin gidan nan yake."

Ya fara da direbansa, ya sallame shi don an gan shi yana shan fura kusa da rumfar dillalin. Ya daina karɓar gaisuwar maƙwabci saboda ya yi dariya ranar da aka faɗi sakamako. In Shafa'atu ta kai tuwo, sai ya gutsura wa kyanwa, ya jira ta haɗiye, sannan ya sa hannu.

Har abin ya zo kan Manu, wanda ya bar gonarsa ya yi ta yawon ƙauyuka a kan keke saboda wansa.

"Kai ka yi tambaya wa ya sayar da mu," in ji Lauya wata safiya a tsakar gida. "Na yi tunani. Wa ya fi kowa zuwa Gidan Baƙo?"

"Kai kake aikena, Yaya."

"Kuma kai kake dawowa kana cewa suna tare da mu."

"Suna tare da mu mana, har ranar da suka daina ba ni ruwa. Na tambaye ka ko wani abu ya faru, ka ce babu."

"To nawa aka ba ka?"

Manu ya tsaya yana kallonsa. Ya shiga ya ɗaure kayansa a bayan keke. A bakin madafa ya tarar da Shafa'atu, ya yi ƙoƙarin wasan da suka saba.

"To matata, na sake ki yau. Zan tafi Funtuwa awon auduga. Ki rage yaji a miyar nan, kada a ce ke ma an saye ki."

Maganar ta zo mata har baki. Kalma kaɗan za ta wanke shi. Sai ta ji muryar mijinta daga ɗaki, yana faɗa da ƙarfi don kowa ya ji.

"In dai na tabbatar da gangan arnan nan suka yi mini, ba wani ya ruɗe su ba, wallahi gobe zan karɓi ƙarar attajirin. Fadamar nan ko albasa guda ba za su ƙara shukawa a cikinta ba."

Shafa'atu ta haɗiye maganar. Manu yana da ƙarfinsa da sana'arsa, ko'ina ya je zai ci abinci. Gidan Baƙo kuwa fadamar ce rake da albasarsu, ita ce abincin jikokin Laraba a lokacin rani. Muddin maigida yana neman maci amana a cikin gidansa, ba zai waiwayi tasu unguwar ba.

"Allah ya tsare hanya," ta ce wa Manu, kanta a sunkuye.

Zaure ya yi tsit a kwanakin da suka biyo. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, don ba wanda yake so a yi masa kallon ɓarawo. Wata rana da azahar ta kai masa ruwan alwala, sai ya tsare ta da ido.

"Ke kina cikin gida kullum. Ba ki taɓa ganin wani yana ƙus-ƙus da tsohuwar nan mai daddawa ba?"

"Ban ga kowa yana ƙus-ƙus da ita ba, Malam."

Gaskiya ta faɗa. Ya kawar da kai, ya ci gaba da lissafa sunayen abokansa a zuci.

Ta koma madafa ta zauna gaban murhu. Ta san Manu zai daɗe da wannan tabon, ta kuma san ita ce za ta riƙa jin nauyinsa. Ta roƙi Allah ya wanke shi ta wata hanyar. Amma abin da ya faru a bayan rumbu, ta ƙudura ba za ta gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarta.

Darasi: Wanda ya raina mutane yakan ga sharri a cikin alherinsu, in kuma abin ya juyo masa, sai ya zargi kowa ban da kansa, har ya kori masu ƙaunarsa. Kada ka taka kyautar da aka kawo maka da zuciya ɗaya, komai ƙanƙantar mai kawowa a idonka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya gyara kafin ya yi asara.