Ajiyar da Babban Ruwa Ya Bar wa Tasalla

Dalilin da ya sa kuke tsintar katantanwa da ƙumba a cikin dutsen nan mai falle-falle na bakin titi, a wurin da ko kwaɗo ba ya kwana don rashin ruwa, shi zan gaya muku. Ku ajiye duwatsun da kuka cika aljihu da su tukuna, ba guduwa za su yi ba.

A da can, duk filin nan ruwa ne, ruwan gishiri wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Babban Ruwa ake ce masa. A bakinsa akwai ƙauyen masunta, a ƙarshen ƙauyen kuma akwai wata maginiyar tukwane mai suna Tasalla. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tilo, Yelwa, tana aure a cikin gari. Kullum Tasalla na bakin ruwa tana ɗibar yumɓu, tana yi masa hira, shi kuma yana saurare. Ba ta da wani abokin zance sai shi.

Wata rana da hantsi Babban Ruwa ya ce mata zai je kudu gaida yayansa. Kifaye za su bi shi, amma ƙananan 'ya'yansa, su katantanwa da ƙumba, ba su da sauri.

Ya ce, "Ga ajiya nan, Tasalla. Kada ki bari su bushe. Sai na dawo."

Ta karɓa hannu biyu. Ta yi masa rakiya har ƙafarta ta gaji, amma kunya ta hana ta tambaye shi yaushe zai dawo, kada ya ga kamar ajiyar ta yi mata nauyi.

To, maginiya dabara ɗaya ta sani. Abin da ba a so ya bushe, ɗanyen yumɓu ake lulluɓa masa. Sai ta jera su a ƙasa, ta shafe su da yumɓu. Kashegari rana ta busar da shi, ta kwaɓa wani ta ƙara a kai. Haka kullum, falle a kan falle.

Ba kifi, ba zama. Masunta suka fara naɗe komarsu suna bin sawun ruwa, gida bayan gida. Ranar da gidan su Yelwa za su tashi, ta zo da jaki har ƙofar uwarta.

"Inna, ki hau mu tafi. Ruwan da ya tafi ba ya dawowa, kowa ya gane sai ke."

Tasalla ta ce, "In ya zo bai tarar da ni ba, wa zai nuna masa inda suke?"

Yelwa ta yi kuka, ta yi magiya, har ta yi fushi. Da ta ga ayari zai bar ta, sai ta ajiye wa uwarta ƙwaryar gero ta bi mijinta. Ba su sake ganin juna ba.

Tasalla ta rage ita kaɗai a kufai. Kewa ta dame ta ƙwarai, har takan kira sunan 'yarta don dai ta ji muryar mutum. Tafkunan da suka rage suka ƙafe, ta koma tonon rijiya. Rijiya ta ƙafe, ta riƙa jiran damina. Ta tsufa, bayanta ya lanƙwashe, hannu bai daina shafe ba. Ba ta taɓa buɗewa ta duba ba, don ba a leƙa ajiya. Da ta duba, da ta ga nauyin yumɓun ya daɗe da mayar da su dutse, su da shi baki ɗaya. Ni dai ban iya ganin laifinta ba. Ta rasu tana ganin suna nan da ransu.

Shekaru suka shuɗe, ƙasa ta rufe wurin, sai da masu aikin titi suka yanka tudun nan aka ga aikinta.

Shi ya sa har yau in kun ɓare dutsen nan yake rabuwa falle-falle, kowane falle wunin Tasalla ɗaya ne. In kuma kun ɗiga wa katantanwar ciki ruwa, za ku ga ta yi sheƙi nan take, tana tsammanin ubanta ne ya dawo. Kafin ku kai gida ta sake bushewa.