Layin Biro a Hannun Guduma

Akwai wani mai walda da ake kira Guduma. Ba sana'a ce ta ba shi sunan ba, hannunsa ne. Duk wanda ya taka shi, ko da bisa kuskure, sai ya ji a jikinsa.

Yana da ƙane da ya yi shekara tara a waje yana karatu, ya dawo yana aiki a ɗakin bincike. Abu ɗaya yake nema: dalilin da ya sa ƙaramin rauni kan rikiɗe ya zama gubar jini, kumburi ya bi jiki har ya kashe mutum. Da yake a jikin ɓeraye yake gwaje-gwajensa, Guduma ya laƙaba masa Likitan Ɓera. Ko a gaban baƙi haka yake kiransa, yana tambayarsa ko marasa lafiyar nasa sun samu sun ɗan taɓa abinci. Ƙanen sai dai ya yi murmushi ya gyara tabarau.

Wata safiya wani direban tifa ya zo yin baya, ya goge ƙofar ƙarfen da Guduma ya gama yi wa fenti. Gogar ba ta kai tsawon yatsa ba. Direban ya sauko yana ba da haƙuri, bai rufe baki ba Guduma ya sheme shi da rodi a ka. Jini ya wanke masa fuska.

Abokan direban suka taso, masu shaguna suka taso, wuri ya yamutse. Guduma ya sunkuci injin yankan ƙarfensa ya jefa, injin ya tarwatse a kan kwalta. Ya kai wa wani duka, ya samu abokin aikinsa a haƙarƙari. Daga ƙarshe ya dunƙule hannu ya naushi gilashin tifar, gilashin ya tsarge masa dantse.

Ya koma shago ya yi abin da suka saba yi a wurin. Ya tsiyaya man birki a kan raunin, ya ɗaure da tsumman goge hannu, ya ci gaba da aiki.

A rana ta uku matarsa ta kira ƙanen a ɓoye. Ta ce yayansa na rawar sanyi cikin bargo biyu, kuma ya rantse duk wanda ya ambaci asibiti sai ya karya shi.

Ƙanen ya tarar da shi kwance a falo, hannun ya kumbura yana sheƙi, ɗakin duk warin tsumman. Ya zauna kusa da shi kamar mai gaisuwa, idonsa a kan agogo yana ƙirga numfashinsa. Ashirin da takwas a minti ɗaya. Numfashin ya yi yawa. Ya zaro biro daga aljihu, ya kama hannun a hankali, ya zagaye iyakar inda fatar ta yi ja da layi.

Kafin ya ɗago, mari ya sauka a kuncinsa. Tabarau ya bugi bango ya fashe, leɓensa ya tsage.

"Ni za ka yi wa lamba? Ɓeranka ne ni?"

Ƙanen ya goge jinin da bayan hannu. Zuciyarsa ta ce masa ya tafi kawai, ai ba yau aka fara ba. Amma ya san abin da ya gani. Ya ce, "Yaya, ka ƙara min ɗaya a wannan ɓangaren in kana so. Amma in jan nan ya tsallake layin, ɗaukarka zan yi ko kana zagina."

Guduma ya wurga masa kofi ya kore shi. Bai tafi ba, ya samu benci a ƙofar gida ya zauna. Ya roƙi matar yayan ta riƙa leƙa layin, ta kuma lura ko ya yi fitsari, ko maganarsa ta fara sauyawa.

Kafin la'asar ta fito a guje. Jan ya wuce layin da faɗin yatsu uku. Tun safe bai yi fitsari ba, kuma yanzu yana kiranta da sunan mahaifiyarsu da ta daɗe da rasuwa. Suka shiga suka tarar da shi yana fisge-fisge, ya kife tebur, yana naushin bango da lafiyayyen hannun. Su biyu suka kasa danne shi. Maƙwabta kuwa suna jin ihun, kowa ya ja ƙofarsa. Wa zai shiga hannun Guduma?

Ana cikin haka tifa ta tsaya a waje. Direban nan ne, kansa naɗe da bandeji, da rodi a hannu, da mutum biyu a bayansa. Ramuwa ta kawo shi.

Ƙanen ya tare ƙofa. Direban ya hankaɗe shi ya bugu da bango, ya shiga ya ɗaga rodin. Sai ya ga Guduma a ƙasa yana haki, ido ya juye, bai ma gane shi ba. Ƙanen ya taso da ƙyar, ya ce masa in duka ya zo yi an riga shi, mutumin nan ba zai kai gobe ba sai an kai shi asibiti yanzu, kuma babu mota.

Direban ya daɗe yana kallon fasasshen leɓen mai maganar. Ya tambaye shi ko shi ma aikin Guduman ne. Ƙanen ya gyaɗa kai.

Direban ya yi tsaki ya yar da rodin. "Ni mai tsayuwa da ƙafarsa na zo duka. Ku kama min ƙafafunsa."

A tifar nan mai fasasshen gilashi aka kai shi. A bakin ƙofar asibiti ƙanen ya nuna wa likitoci layin biron, ya faɗa musu ƙarfe nawa ya zana shi, da yawan numfashin. Ba su ɓata lokaci ba, suka ɗebi jini, suka sa wa Guduma ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Kwana goma sha ɗaya ya yi tsakanin rai da mutuwa. Ƙodarsa ta farfaɗo, amma yatsu uku na hannun dama sun mutu, dole aka yanke.

Da ya dawo hayyacinsa, ya tambayi ƙanensa wace irin ƙwayar cuta ce mai ƙarfi haka har ta kayar da shi. Ƙanen ya ce ƙwayar ƴar mitsitsiya ce. Sojojin jikinsa ne suka fusata, garin kashe ta suka afka wa ƙoda da jijiyoyi da duk abin da suka tarar, nasu da na maƙiyi. Abin da yake bincike a kai ke nan shekara da shekaru, yadda za a sa su yi yaƙi daidai kima.

Guduma ya kalli dungulmin hannunsa. Ya tuno gogar fenti, da injinsa a tarwatse, da abokin aikinsa riƙe da haƙarƙari.

"Ashe har jinina halina ya ɗauko," in ji shi. Ya miƙa ragowar yatsu biyun. "Likita, ba ni biron nan in ajiye."

Ƙanen ya jira ya ji "Ɓera" ya biyo baya. Guduma bai ƙarasa ba.

Darasi: Fushin da ya wuce girman laifi, mai shi yake fara ci. Kada ka raina ƙaramin rauni, kada ka raina ilimin ƙaninka. In ciwo ya zo da zazzaɓi da haki da ruɗewar magana, a garzaya asibiti. Ku tura wa ƴan'uwa, musamman masu saurin hannun cikinmu.