Ganyen Gyauro a Aljihun Mati

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari can baya, tun zamanin da in za ka yi tafiya sai dai ƙafarka ko bayan dabba. Sunan garin ba zai ƙare ku da komai ba. Sunan mutumin Mati. Na baya ku daina hira ku saurara, don labarin nan ba na masu doki kaɗai ba ne.

Mati barga gare shi a bayan gari, turke goma sha biyu, amma ko doki ɗaya ba nasa ba ne. Fatake da attajirai ke kawo masa ajiya, ya ciyar, ya wanke, ya yi horo. Wanda kuma ya sayi doki bai iya hawa ba, sai ya zo Mati ya koya masa. Sauran masu horo linzami mai kaifi suke sa wa doki, su yi ta fizga har baki ya yi jini, cikin mako guda ka ga doki yana rawa, alhali zafi ne ke sa shi. Mati ba ya haka. Sai ya yi wata shida yana zagaya fili da doki ɗaya, yana koya masa taƙama, da juyi, da ja da baya, da tsayawa cak, da matsin gwiwa kawai da murya ƙasa-ƙasa. In ka hau dokin da ya hora, kafin ka ja linzami ya riga ya san abin da kake so.

To amma bawan Allah nan shi kaɗai ne. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, danginsa suna nesa. Masu dawaki daga kan doki suke gaishe shi, su sauka su miƙa masa linzami su wuce. Ba wanda ya ƙi shi, ba kuma wanda ya tuna da shi. In ya sayo tuwo, tsakiyar dawaki yake zama ya ci, yana ba su labarin yadda ya wuni. Wanda bai taɓa cin abinci shi kaɗai shekara da shekaru ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba.

Yana da wata ɗabi'a da ake masa dariya a kanta. Ba ya yankan ciyawa sai a fadama, ga ta da nisa, kuma in ya kawo sai ya zauna ya tsince ta da hannu, kamar mace na tsintar shinkafa, kafin ya zuba wa doki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A cikin dawakin akwai wani akawali, baƙi wuluk, na wani madugun fatake da ake kira Barau. Tun yana dukushi yake hannun Mati, kuma duk bargar shi ya fi so. Saboda haƙurinsa Madugu ya yarda a riƙa koya wa mutane hawa da shi. Cikin masu koyon akwai Korau, wani marini ɗan shekara hamsin, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Ga tsoron doki, ga surutu. In ya hau sai ya rungume wuyan doki yana salati, sai ka ce kogi zai tafi da shi. Amma Korau ne kaɗai in an gama yake zama a kan turmi su sha fura tare.

Ran nan Korau ya sauka daga kan akawalin, a gaban mutane, ya shafa wuyansa ya ce, "Kai, ban taɓa ganin doki mai kyan wannan ba." Bai ce tubarkalla ba, ya manta. Sannan ya juya ya ce, "Malam Mati, gobe sunan jikana. In ban gan ka ba, ba ni ba kai."

Mati ya ce, "Ni?"

Korau ya ce, "To da wa nake magana, da dokin?"

Jama'a, shekara tara rabon da wani ya gayyaci Mati ko da shan ruwa. Ran nan ya wanke rigarsa guda ɗaya ta kirki, ya shanya, yana ta leƙa ta kamar za ta gudu. Da gari ya waye ya duba, in ya tafi fadama, kafin ya dawo an raɗa suna an watse. Sai ya tsaya a gefen wata gona nan kusa, ya yanko dami ɗaya a gaggauce. Lokacin an yi ruwan farko, sai fari ya biyo baya. Wanda ya san dabba ya san gyauron dawa, wato ƙaramar dawar da ta tsiro da kanta, in fari ya kama ta, guba ce. Mati ya fi kowa sani. Amma bai tsince ba. Ya zuba wa sauran dawakin harawa, ɗanyar ciyawar kuwa ya ba wanda ya fi so, ya sa riga ya tafi.

Ya dawo da hantsi, da goron suna a aljihu, yana murmushi shi kaɗai. Ya tarar da akawali a kwance yana karkarwa, kumfa a baki. Ya yi duk abin da ya sani. Kafin azahar doki ya mutu, kansa a kan cinyar Mati.

Kun san mutane. Kafin la'asar wani ya tuna cewa jiya Korau ya yabi dokin bai ce tubarkalla ba. Na biyu ya ce ai dama bakinsa ba kyau. Na uku ya ce maye ne, kakarsa ma haka take. Aka zubar da abincin suna. Masu zane suka je suka kwashe kayansu daga marinarsa, jiƙaƙƙu. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ya biyo hanya. Madugu Barau da kansa ya zo barga ya dafa kafaɗar Mati ya ce, "Kada ka sa wa ranka damuwa. Kowa ya san hannunka. Mun san inda abin ya fito."

Da Madugu ya tafi, Mati ya ɗauki tsintsiya zai share gindin turken. A cikin ragowar ciyawa sai ga ganyen gyauro, uku, huɗu, an gutsure su. Ya daɗe yana kallonsu a tafin hannunsa. Ba kowa a wurin sai dawaki, su kuwa ba sa ba da shaida. Ya sa ganyen a aljihu, tare da goron.

Ku saurara, nan ne wurin. Ba wanda ya ce Mati ya yi ƙarya. Ba wanda ma ya tambaye shi. Shiru kawai zai yi, bargarsa ta zauna lafiya. In kuwa ya buɗe baki, ya san masu dawaki za su kwance abinsu, kuma dawakin nan su ne 'ya'yansa, su ne abokan hirarsa, ba shi da kowa bayansu. Ba zan ɓoye muku ba, Mati ya yi shiru. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Mutum ne, ba mala'ika ba. In ya yi sujada sai ya ji ganyen nan yana ƙara a aljihunsa, ya bushe.

A rana ta uku da yamma ya ji sallama. Korau ne, ya tsaya can nesa da ƙofa, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

Mati ya ce, "Shigo mana."

Korau ya ce, "A'a, kada in shiga in cuci sauran. Gafara na zo nema, Malam Mati. Na san yadda kake son dokin nan. Wallahi ban san haka bakina yake ba. Jikan nan nawa ma na daina kallonsa, ina tsoro."

Kun ji? Har shi kansa ya yarda. Mutum ya zo yana neman gafarar laifin da ke cikin aljihunka. Mati ya miƙe. Ya saka takalmi ya ce, "Biyo ni."

Suka tarar da Madugu a zaure da mutane, har da masu dawaki uku. Mati ya durƙusa, ya fito da ganyen ya ajiye a kan tabarma. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya kashe dokinka. Ni na yanko, ni na zuba, ban tsince ba, ina saurin zuwa suna. Bakin Korau bai yi komai ba."

Madugu ya juya ganyen da yatsa. Ya ce, "Wa ya gan ka?"

"Babu."

"Yaushe ka sani?"

"Tun ranar."

Madugu ya ce, "Tashi ka ba ni wuri. Ba na neman komai a wurinka, ba na kuma son ganinka."

Yanzu kuna jira in ce da safe aka kira shi aka ba shi riga da gida. Ba a yi ba. Da safe masu dawaki suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kwance nasa. Mati ne ma yake ɗaura musu sirdi, yana cewa wannan ba ya son a matse majayin sirdi, wancan kada a ba shi ruwa da gumi a jikinsa. Kafin Juma'a turke goma sha biyu ba ko ɗaya da igiya. Korau sunansa ya wanku, mutane suka mayar masa da zannuwansu, amma shi ma ya daina zuwa. Abin da ya ce wa Mati a hanya ke nan, "Kwana uku ka bar ni ina tsoron jikana." Kuma gaskiyarsa ne.

Shekara huɗu Mati yana yankan ciyawa a fadama yana kai wa kasuwa. Ko mai jaki zai sayar wa, sai ya tsince ta tsaf. In ya dawo ya share gindin turakun nan da ba kowa, ya zauna a tsakiyarsu ya ci tuwonsa. Wani lokaci ya fara magana, sai ya tuna, ya yi shiru.

Wata safiya yana shara sai ya ji takun kofato. Madugu Barau ne, ya tsufa, yana jaye da wani dukushi da ba a taɓa sa wa sirdi ba. Mati ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi ɓatan hanya ne? Nan ne inda dokinka ya mutu."

Madugu ya ce, "Na sani. Bayan shi na rasa biyu a hannun wasu. Na farko aka ce mini baki ne, na biyu aka ce iska ce. Duk garin nan mutum ɗaya ne ya taɓa ce mini shi ne ya yi. Karɓi igiya, hannuna ya gaji."

Mati ya karɓa. Ya ɗaure dukushin a turken akawali, ya juya baya don kada a ga fuskarsa.

Bai yi arziki ba. Doki ɗaya ne ya dawo, ba goma sha biyu ba. Sai da dukushin ya yi ƙwari ya koya masa taƙama, bai kai ga koya masa juyi ba, damina ta biyu Allah ya karɓi ran Mati. Ba shi da ɗa, ba shi da ɗan'uwa a garin, aka tsaya ana duban wa zai yi masa wanka. Sai wani tsoho ya ratso mutane yana naɗe hannun riga. Hannuwan da suka wanke Mati shuɗi ne har gwiwar hannu.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Shirun da ke barin laifinka a wuyan wani, ƙarya ce, ko ba ka furta kalma ɗaya ba. Kai bakanike da ka manta ba ka ɗaure noti ba, aka zagi direba kana tsaye. Ke da kika bar wuta a kunne, aka daki wani a kai. Kai da ka san wanda ake kira maye a unguwarku ba abin da ya yi, ka ce ba ruwanka. Dukanmu nan akwai mai ganye a aljihu, ni ma ban cire kaina ba. Ba na muku alkawarin in kun fito da shi za a yi muku tafi. Mai yiwuwa a kwance dawakinku. Amma Mati ya tafi wurin Ubangijinsa aljihunsa ba komai a ciki, kuma kwana ukun da ya jinkirta sai da suka ci masa aboki. Wanda nasa ya kai wata uku, ko shekara uku, ya laluba aljihunsa yau kafin magariba. Allah ya ba mu ikon cewa ni ne.