Mai Zanen Tambarin Ƙaramar Hukuma

Akwai wani mutum mai zane, shi ne yake zana tambarin ƙaramar hukumarsu a bangon makarantu da kasuwa da jikin motoci. Tambarin kuwa garkuwa ce. A gindinta akwai ruwa shuɗi, da fartanya a bakin ruwan. A samanta akwai dutse, da ɗan ɗaki a kan dutsen. Ya zana shi har ya gaji, ko idonsa a rufe zai iya.

Da ya tashi gina gida, sai ya zaɓi fadama a bakin kogi, gindin mangwaro, inda akwai sanyi. Tsohuwarsa ta ce, “Ɗana, ka kuwa san abin da kake zanawa? Kogin nan ya taɓa cinye garinmu. Shi ya sa kakanninka suka sa fartanya a ƙasa, ɗaki a bisa. A yi noma a fadama, a kwana a tudu.”

Ya yi dariya ya ce, “Haba Mama, ai ado ne kawai.”

Ya yi gininsa, ya tare da matarsa da ’yarsu Tabita, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Ran nan da damina, rana tsaka, yana kan tsani a bangon sakatariya can kan tudu, yana shafa wa ruwan tambarin shuɗin fenti. Ko ɗigo bai sauka a garin ba, ashe an tafka ruwa a duwatsun gabas. Sai ya ji wani ruri. Ya waiga, ya ga ruwa jajawur ya cika fadama, yana tafe da itatuwa da awaki. Matarsa ta tafi kasuwa, kuma da safe ta ce za ta bar Tabita tana barci.

Wayyo! Tsoro ya kama shi. Ya diro, ya sheƙa da gudu yana kiran sunan yarinyar. Kafin ya kai gangare, yana gani gidansa ya durƙushe. Ya zube a taɓo yana ihu.

Can sai ga tsohuwarsa tana haurowa, jiƙe sharkaf har ƙirji, tana haki, Tabita goye a bayanta. Ashe tun da ta hango gabas ta yi baƙi ta gangara ta ɗauko yarinyar. Ya miƙa hannu ya karɓi ’yarsa, hannun duk shuɗin fenti.

To, ga ma’anar wannan misali. Tambarin nan Maganar Allah ce, mai zanen kuwa ni ne da ku. Mun haddace ayoyi, mun rataya gicciye a wuya, mun manna shi a ƙofar gida, amma mun mai da shi ado. Abin nan yana ba ni tsoro, ’yan’uwa. Mutumin nan ya sami wadda ta gangara dominsa. Mu ma muna da Mai Ceto da ya gangaro dominmu, yana kiranmu mu hauro tun ruwa bai iso ba. Kai da ka san zanen sarai, a ina ka kwantar da ’ya’yanka?