Katangar Gafiya

An yi wani gari na ƙananan dabbobi a jikin wani tudu da ake kira Tudun Kalgo. Cikin mazaunansa akwai Gafiya, wadda ta fi kowa tara abinci, ta kuma fi kowa maƙo. Akwai Zabuwa sarkin surutu, ita ce mai kula da rumbun gari. Sai kuma tsoho Damo, wanda ba ya gaggawa, ba a kuma taɓa ganin fushinsa ba.

Al'adar garin ita ce, in kaka ta yi, kowane gida ya ɗebi wani abu daga amfanin da ya samu ya zuba a rumbun gari. Da wannan hatsi ake ciyar da Damo da 'yan aikinsa, domin su ba su da lokacin neman na kansu. Aikinsu dashen jema ne layi-layi a jikin tudun. Ita jema ciyawa ce mai doguwar saiwa, tana riƙe ƙasa, tana kuma karya ƙarfin ruwan sama in ya gangaro.

Wannan al'ada ta daɗe tana ci wa Gafiya tuwo a ƙwarya. Ramin gyaɗarta shi ne ranta, ga shi kuma ta haifi 'ya'ya ƙanana. Duk ƙwayar da ta fita daga ramin nan, ji take kamar an cire mata haƙori.

Wata shekara da kaka, Zabuwa ta zo da ƙwaryarta ta yi sallama. "Yaya Gafiya, an zo karɓar kason gari."

Gafiya ta leƙo ta ce, "Bana kam ku yi haƙuri. Ni in sha wahalar haƙa, wani ƙato ya ci don ya dasa ciyawa? Wa ya taɓa ƙoshi da jema?"

"Ashsha!" in ji Zabuwa. "Ke da gidanki ya fi na kowa girma? Ai ke ya kamata ki fara bayarwa! Jama'a ku zo ku ji, mai rami bakwai ta hana gari ƙwarya guda!"

"Yi ta ihunki. Ni zan kare gidana da abina, kowa ya kare nasa."

Kuma ba wasa take ba. Da rani ya shigo ta kira Gara, gwanayen gini, ta biya su ladan da ya ninka kason garin. Suka zagaye mata ƙofar rami da katangar laka, mai tsayi, sumul kamar tukunya. Kai, katanga ta yi kyau, wannan kam ba a musu. Kullum Gafiya sai ta hau kanta ta zauna tana kallon masu wucewa.

Sai kuma ta ga ramin ya yi mata kaɗan. Ta fara haƙa sabon ɗaki ta wajen sama, ta ci karo da saiwar jemar da ke bisa gidanta. Ba ta yi wata-wata ba ta sa haƙori ta gwaigwaye su kaf. Ba a jima ba layin jemar nan ya bushe.

Damo ya zo da sabon dashe a bayansa. Ya ce, "'Yata, ki bari in mayar da wannan layi kafin damina ta kankama."

"Baba Damo, ban ba ku ko ƙwaya ba, ba na kuma son aikinku. Nan wurina ne."

"Wurinki ne," in ji Damo. "Amma ruwan da zai bi ta nan ba naki ba ne ke kaɗai. Akwai mutane a ƙasa da ke."

"Su ma su yi katanga mana!"

Damo ya daɗe yana kallon katangar. Ya ce, "Kin bar wa ruwa hanyar fita kuwa?"

Gafiya ta tuntsire da dariya. "Ruwan da ba zai shigo ba, ina shi ina hanyar fita? Baba, tsufa ya fara taɓa ka."

Damo ya juya da dashensa ya tafi.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A duk inda jema take, ruwan ya tsaya, ya lafa, ya nutse cikin ƙasa. Amma da ya iso bisa gidan Gafiya sai ya tarar da fili fetal. Nan ya taru ya gangaro da ƙarfinsa, jawur da laka, ya tsallake katanga ta baya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ruwa ya shiga, ya rasa ta inda zai fita. Katangar nan mai kyau ta cika taf kamar randa, saura hanya ɗaya kawai, ita ce ƙofar ramin.

Gafiya tana cikin rami ta ji sanyin ruwa a ƙafafunta. Ta ruga ɗakin gyaɗa ta cika kumatunta, sai ta ji kukan 'ya'yanta a ɗaya ɗakin. Wayyo! Ta tofar da gyaɗar, ta riƙa ɗaukar su da baki tana kai su kan wani dutse, tana komowa, har ta kwashe su duka. Gafiya tsira da na bakinki, in ji masu magana, kuma da 'ya'yan nan kaɗai ta tsira.

Tana kan dutsen katangar ta fashe. Ruwa ya kwashi gyaɗar shekara da shekaru ya yi gangare da ita, ya tsaga kwari a jikin tudun. A kan hanyarsa akwai sheƙar Zabuwa, da ƙwan da take kwanci a kai.

Da ruwa ya ɗauke, yunwa ta kama yara. Gafiya ta rasa inda za ta sa kanta. Kunya kamar ta kashe ta, amma kukan ɗa ya fi kunya ƙarfi. Ta ja ƙafa ta nufi rumbun gari.

'Yan gari suna ganinta suka yi mata ca. "A kore ta! Me ta zuba da za ta ɗiba?"

Damo ya ɗaga kai ya ce, "Rumbu na gari ne, yaran nan kuma 'yan gari ne. Ba su suka gwaigwayi jema ba. A ba su. Ita kuwa uwar, gobe ta same ni a bakin kwari, akwai dashe mai yawa."

Kowa ya dubi Zabuwa, don ita ke riƙe da ƙwaryar awo. Gafiya ta sunkuyar da kai tana jiran zagi, har addu'a take a ranta Zabuwa ta zage ta, ko ta samu sauƙi.

"Ƙanwata," in ji Gafiya, "na ji abin da ya sami ƙwanki."

Zabuwa ta cika ƙwarya da gero, ta ajiye a gabanta, ta juya ta tafi. Ko kallonta ba ta yi ba. Tun da aka kafa garin ba a taɓa ganin Zabuwa ta yi shiru ba sai ran nan, Gafiya kuwa ta ɗauki geron tana kuka.

Darasin wannan labari shi ne, abin da aka zuba a asusun gari don a kula da ƙasa ba asara ba ne, kariya ce ga kowa, har da mai bayarwar. Ƙasa ɗaya muke zaune a kai, ruwa kuma bai san iyakar gidan kowa ba. Wanda ya hana kason gari don ya kare nasa shi kaɗai, zai rasa nasan, ya kuma jawo wa maƙwabcinsa hasarar da ba zai iya biya ba.