Baƙon da Ya Nemi a Yi Masa Faɗa

Ga ta nan, ga ta nanku. To, ku ce ta zo mu ji ta.

A da can, an yi wani basarake, Sidi Hamuda, daga wata ƙasa bayan hamada. Ƙaninsa ya karɓe sarauta, ya kuma nuna sha'awar ganin an sare kan wan nasa. Sai Hamuda ya ga tafiya ta fi, har ya kai wani tsibiri tsakiyar kogi. Wata tsohuwa, Inna Tasalla, ta sauke shi.

A tsibirin nan ba a aiken baƙo, ba a yi masa faɗa. Amma ran da ruwa ya janye, kwalekwale zai zo ya fitar da shi. Hamuda kuwa ba inda za shi.

Yana zaune bakin ruwa, sai Zalɓe ya ce, "Mai rawani, me ya dame ka?"

Ya gaya masa.

Zalɓe ya ce, "Nema za ka yi Inna ta yi maka faɗa. Wanda aka yi wa faɗa ɗan gida ne."

Sai Hamuda ya zubar mata da gero. Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, kaji sun gode."

Sai ya kwance mata akuya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, dama tana son yawo."

Sai ya fasa mata tulu. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ya tsufa ai."

Hamuda ya haƙura, ya ɗaure kayansa.

Ran da kwalekwale ya zo, Inna na kwance da zazzaɓi, ragar kifinta na cikin kogi, gidan ba abin miya. Hamuda bai yi shawara da kowa ba. Ya tuɓe alkyabba ya shiga ruwa, shi da ko rijiya bai taɓa leƙawa ba. Ya sha kogi daidai gwargwado kafin mai kwalekwale ya jawo shi, raga a hannunsa.

Inna ta fito tana dafa bango. "Kai Hamuda, wane irin shashanci ne wannan? Ka iya ruwa ne? In ka mutu in ce wa wa?"

Mai kwalekwale ya dube ta, ya sauke kayan baƙo, ya tura jirginsa.

Inna ta goge ido da gefen zane. "To, na yi faɗan. Shanya rigar nan, ka je ka samo itace."

Girmamawa ta kowa ce, yara. Faɗa sai wanda ake tsoron rasawa.

Ƙurunƙus, kan tarwaɗa.